Malam Jira da Kunkurunsa

Bango ɗaya ne tsakanin ajina da nasa, kuma bangon bai kai rufi ba. Ni nake koyar da aji uku, shi aji biyu, saboda haka duk abin da ya faɗa ina ji, ko ina so ko ba na so. Abin da na fi ji a bakinsa kuwa shi ne "a jira". Yaro ya ɗaga hannu, a jira. An buga ƙararrawa, a jira. Hedimasta ya aiko kira, a jira. Da haka yara suka laƙaba masa Malam Jira, sunan ya bi shi ɗakin malamai, ya bi shi har gida, domin na taɓa jin matarsa ta kira shi haka da bakinta ranar da ta biyo shi da tabaransa da ya manta.

Dogo ne siriri, ya ɗan ranƙwafa saboda daɗewa yana sunkuyawa a kan bencin yara. Bakin aljihun rigarsa kullum fari ne da alli, kuma a kan wani tsohon keke yake zuwa, wanda ake jin ƙararsa tun daga bakin ƙofar makaranta. Tun kafin a ɗauke ni aiki yake aji biyu. An yi masa tayin aji shida ya ƙi, an yi masa tayin mataimakin hedimasta ya ce a jira, har aka gaji aka ba wani. Ni tun daga nan na fara sa masa ido. Mutumin da aka miƙa wa kujera ya ce ba ya so, a ganina ko dai akwai abin da yake ɓoyewa a inda yake, ko kuma yana hangen wadda ta fi ta. Haka Allah ya yi ni, ba na yarda da abu sai na juya shi na ga bayansa. Baban yarana yakan ce ko ruwa aka ba ni sai na leƙa ƙasan kofi.

Wata rana, shekarun baya, Malam Jira ya shigo ɗakin malamai fuskarsa a washe, abin da ba mu saba gani ba. Ya ce a rediyo ya ji labarin wata na'ura mai tayoyi da masana suka aika duniyar Mars, babu kowa a cikinta. Daga nan ƙasa ake rubuta mata abin da za ta yi, saƙon ya ɗauki lokaci kafin ya isa, ita ma amsarta ta ɗauki lokaci kafin ta dawo. Mu muna ta shan shayinmu, shi yana ta bayani. Abin da ya burge shi, in ji shi, ba nisan ba ne. Cewa ya yi ashe akwai inda mutum ba zai iya nuni da yatsa ba, ba zai iya cewa "ai ka gane abin da nake nufi" ba, sai dai ya rubuta, kuma abin da ya rubuta shi za a yi. Na ce a raina, to, yau kuma da wannan aka tashi.

Ashe da gaske yake. Akwai wani tsohon sito a bayan ajinsa, wanda ƙofarsa take buɗewa ta cikin ajin, inda ake jibge karyayyun bencina. Ya share shi, ya jera bencinan da suka rage da ƙafa, ya shimfiɗa tsofaffin ƙyauren ƙofofi a kansu, sannan ya yi ta ɗauko jar ƙasa a buhu a bayan kekensa har ya rufe su. Ya dasa duwatsu nan da can. Ɗaya daga cikin ƙyauren yana da gurbin gilashi da ya fashe tuntuni, sai ya bar wurin a buɗe ya sa masa suna Rami. Daga nan ya sayo wata motar wasan yara mai rimot a wurin masu gwanjo, ya cire mata jiki, ya yi mata wata dabara ta rage gudu, ya ɗaure wayarsa a samanta da roba. Da yara suka ga irin tafiyarta suka ce wannan ai Kunkuru ne, kuma sunan ya zauna.

Sau ɗaya tak yara suke ganin Kunkuru, ranar farko ta shekara. Daga nan Malam Jira zai shigar da shi sito ya kulle, ya ce ya tafi Mars. Abin da ya rage musu shi ne taswirar da yake zanawa a allo, da hotunan da waya take ɗaukowa. Kullum akwai yaro ɗaya da ake kira direba. Direba zai rubuta wa Kunkuru abin da zai yi a takarda, ya jefa a wani akwatin kwali da ke jikin ƙofar sito, sannan a jira har bayan hutun cin abinci, domin wai saƙo yana hanya. Sai Malam ya shiga shi kaɗai, ya rufo ƙofa, ya fito da hoto da ɗan rahoto da ya rubuta a madadin Kunkuru, direba ya karanta wa aji. In rubutun bai karantu ba, Kunkuru ba ya motsi, rahoton ya ce: ban gane ba.

Yaran ajinsa wurina suke zuwa a shekara ta gaba, kuma ba zan yi ƙarya ba, suna zuwa da karatu. Sai dai rubutunsu wani iri ne. Na taɓa cewa kowa ya rubuta min bayanin gidansu, wata yarinya ta rubuta: "Shiga ƙofa. Juya dama. Ga kakata. Tsaya." Na yi dariya har da hawaye, amma na ba ta maki, domin da na bi takardar da na sami kakar. Duk da haka zuciyata ba ta kwanta da shi ba. Mutum ya shiga ɗaki shi kaɗai ya kulle, ya fito ya ce ga abin da ya faru, wa ya gani? Amma tunda ba abin da ya shafe ni, na bar shi a matsayin zancen ɗakin malamai.

Sai bara abin ya shafe ni. Autata ta shiga ajinsa.

Auta yarinya ce mai wayo, in dai surutu ne ko wasa ba a barin ta a baya, amma har ta gama aji ɗaya ban taɓa jin ta karanta kalma biyu a jere ba. Yayyenta duk a gabana suka koya, tun kafin su shiga makaranta. Ita kuwa da na buɗe littafi na ajiye a gabanta sai ta yi gum, ta kafa wa shafin ido kamar an ce ta haɗiye shi. In na ce "wannan wane baƙi ne?" sai hawaye. Ban taɓa dukanta a kan karatu ba, amma babanta ya ce muryata ma ta isa. Na ce masa in murya tana hana karatu da ajina babu mai iya rubuta sunansa. Abin yana cina ƙwarai. 'Yar malama, a makarantar da uwarta take koyarwa, ba ta iya karatu ba.

A farkon zango na ƙarshe hedimasta ya tara mu ya ce ya gaji da turo masa yara manyan azuzuwa ba su san komai ba. Ƙarshen zango shi da kansa zai zauna, kowane ɗan aji biyu ya zo ya karanta masa shafi ɗaya. Wanda ya kasa, ba maimaita aji biyu zai yi ba, aji ɗaya zai koma ya zauna da sababbin shiga. Yana maganar yana kallon silin, amma sauran malamai ni suke satar kallo. Na san Auta. In aka mayar da ita cikin ƙananan yara, ƙawayenta suka wuce suka bar ta, ba za ta ƙara ɗaga kai a makarantar nan ba.

Da aka tashi na tare Malam Jira a bakin ajinsa, na tambaye shi gaskiyar halin da yarinyata take ciki.

"Tana karantawa, Malama," in ji shi.

"To me ya sa ni ban taɓa ji ba?"

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce a jira. Saura kaɗan in jefe shi da dastan goge allo.

Daga ranar na koma sa masa ido da gaske. Auta takan dawo gida tana tsalle, wai yau ita ce direba, kuma Kunkuru ya yi duk abin da ta ce. In na ce ina takardar, sai ta ce ai tana Mars. Na buɗe littafin aikinta, rubutu kamar tonon kaza, wani baƙin ya hau wani, layi ya gangara kamar zai faɗo daga shafin. Na ce wannan ne Kunkuru yake ganewa? Na kasa kunne ta saman bango ranar da take direba, sai na ji ita ba ta karanta rahoto a gaban aji kamar sauran. Kiranta yake yi gefen teburinsa, su yi ƙus-ƙus, sannan shi ya faɗa wa aji. Na ce yawwa, ga inda rufa-rufar take.

Lissafina mai sauƙi ne. Yana shiga sito, ya dubi tonon kazar, ya ƙiyasta abin da take so, ya kai motar inda ya dace, ya fito yana yabo. Dalili ma na samo masa, har biyu. Na farko, hedimasta ya daɗe yana son karɓe siton ya mayar wurin ajiye littattafai, za a kawo maganar a taron malamai, kuma kowa ya san in na ɗaga murya a taro ba a cika tsallake ni ba. Wace hanya ta fi sauƙin samun uwa irin a yabi 'yarta? Na biyu ya fi min ciwo, wato tausayi. Wataƙila tausayinmu yake ji, ni da ita, yana lallaɓa mu har ranar da za a tsayar da ita gaban hedimasta, inda babu sito babu ƙofar rufewa.

Na yi ƙoƙarin gani da idona. Na leƙa ta kafar makulli, na tarar ya toshe da takarda. Na zagaya ta baya, tagar an rufe ta da tsohon labule. Na titsiye yaran ajina da suka baro hannunsa, na ce su faɗa min tsakaninsu da Allah, Malam ba ya taimaka wa Kunkuru? Suka dube ni kamar na zagi wani babba, suka ce Kunkuru ba ya yin abin da ba a rubuta ba. Na ce haka ya koya muku ku ce. Har na fara tunanin ko motar ma ta daɗe da mutuwa, da hannu yake ɗaukarta yana ajiyewa.

Da abin ya ishe ni, na same shi a ɗakin malamai yana gyaran fensir da reza, na faɗa masa komai ba tare da kwana-kwana ba. Na ce ina zargin yana gyara wa Auta, kuma in ba haka ba ne, ranar da za ta sake zama direba ni zan shiga siton, ni zan karanta takardar, ni zan riƙe rimot. Na shirya jin a jira. Sai kawai ya hure ƙurar fensir daga hannunsa ya ce to.

"Sharaɗi ɗaya ne, Malama. Abin da ke takarda. Ba ƙari, ba ragi."

Na ce ai abin da ya kawo ni ke nan. Ya ɗauko Kunkuru a ɓoye cikin jakarsa washegari, ya koya min tuƙi a ƙasan ɗakin malamai, tsakanin ƙafafun kujeru. Motar tana aiki, wannan zargin ya faɗi. Ya nuna min madannin gaba, da na hagu da na dama, ya ce kullum in tsaya a bayan Kunkuru, in fuskanci inda ya fuskanta, don haguna ya zama hagunsa. Sai dai saurin yardarsa ya sake tayar min da wani zargin. Mutumin da ya sa hedimasta jira ya amsa min nan take? Na kwana ina juya abin ban ga bayansa ba.

Ranar ta zo. Na ba ajina aikin kwafa, na shiga nasa na tsaya a baya. A allo ga taswira kamar yadda mai tsayuwa a ƙofar sito zai gani: jan dutse a hagu, Rami a dama, Kunkuru a tsakiya da 'yar kibiya mai nuna inda ya fuskanta. Aikin ranar shi ne a kai shi wurin jan dutse ya ɗauko hoto. Auta ta zauna a bencin direba, ta karkace ta ba ni baya, ta rufe takardar da hannu tana rubutu, harshenta a waje. Ta daɗe. Ta ninke, ta jefa a akwati, aka ce a jira. Ban taɓa ganin hutun cin abinci mai tsawon wannan ba.

Da aka dawo muka shiga, ni da shi, ya rufo ƙofa. Wurin ya fi yadda na zata kyau, ban dai faɗa masa ba. Jar ƙasa a shimfiɗe, sawun tayoyi sun yi layi-layi a kanta, ƙwan lantarki ɗaya yana reto a sama. Ya buɗe akwatin ta ciki ya miƙo min takardar bai ko duba ba.

Na buɗe. Tonon kazar ne dai, layin ya gangara kamar kullum. Amma da na daina neman laifi na bi shi a hankali, sai ga kalmomi suna tsaye, kowace da ƙafarta. "Kunkuru ina kwana. Juya hagu. Tafi gaba har ka ga dutse ja. Tsaya. Ɗauki hoto. Na gode." Na karanta, na sake karantawa. Ba wanda ya ƙiyasta min komai, ni na karanta da idona.

Na zagaya na tsaya a bayan Kunkuru kamar yadda aka koya min. Nan na ga matsalar. Direban jiya ya juyo da shi, yanzu ƙofa yake kallo, wato ajin yake fuskanta. Auta ta dubi allo ta ga jan dutse a hagunta, ta rubuta hagu. Amma daga inda nake tsaye, jan dutse yana dama. Abin da ke hagun Kunkuru shi ne Rami, kuma ta ce ya yi ta tafiya har ya ga dutsen da ba zai taɓa gani ba.

Na ce masa ai kowa ya san jan dutse take nufi, ga shi ma ta rubuta.

"Ni ma na sani," in ji shi. "Kunkuru ne bai sani ba."

Na ce motar za ta karye, ga waya a kai. Ya ce wayarsa ce. Na ce to mu kai shi bakin Ramin mu tsayar, ai an ga kuskuren. Ya tambaye ni ko ta rubuta a tsaya a bakin Rami. Raina ya ɓaci, na rage murya don kada yara su ji, na ce masa yarinyar nan da ƙyar ta fara riƙe fensir, in aka ce ita ta kashe Kunkuru a gaban ƙawayenta, saura 'yan makonni a tsayar da ita gaban hedimasta, shi ke nan an gama da ita.

"Malama, ke kika ce ina gyara mata," in ji shi. "Ga rimot a hannunki."

Ya harɗe hannu a baya ya koma kallon bango, yadda ko dama na danna ba zai ce ya gani ba. Babban yatsana yana kan madannin dama, ina jin sa. Abu ne na ƙiftawar ido, in fita da hoton jan dutse, Auta ta yi tsalle, mu koma gida lafiya. Amma takardar tana ɗaya hannun, kuma ita ce abu na farko da 'yata ta taɓa rubutawa na karanta. In na danna dama, na ce mata ke nan abin da ta rubuta ba shi da amfani, uwarta ta fi ta sanin abin da take nufi. Na danna hagu.

Da mota mai gudu ce da an gama nan take. Kunkuru kuwa sai da ya ja raina. Ya juya a hankali, ya kama hanya yana 'yar ƙara, yana ture ƙananan tsakuwa, ni ina danne da madannin gaba ina kallon Ramin yana matsowa. Tayoyin gaba suka leƙa, ya ɗan tsaya kamar mai shawara, sannan ya kifa. Ƙarar da ya yi a kan siminti ta sa surutun ajin ya ɗauke ɗif. Taya ɗaya ta gangaro ta tsaya a ƙafata.

Malam Jira ya durƙusa ya zura dogon hannunsa ƙarƙashin benci. Gilashin wayar ya tsage daga kusurwa zuwa kusurwa, amma tana aiki. Ya ɗauki hoto daga inda ta faɗi, ba komai a ciki sai ƙasan ƙyaure da ɗan haske ta bakin Ramin. Ya rubuta rahoto a tsaye, muka fito.

Ya ɗaga hoton ya ce Kunkuru ya faɗa Rami. Wani yaro ya fara cewa Auta ce, Malam ya ce a jira, yaron ya haɗiye sauran. Sannan ya miƙa wa Auta takardarta ya ce direba ce kaɗai take iya gano abin da ya faru, ta tashi ta karanta wa aji abin da ta aika. Auta ta miƙe da takardar a hannunta. Ba takardar take kallo ba, ni take kallo, kuma na ga bakin nan ya fara rufewa irin na gida.

"Malama," in ji shi a hankali, "ajinki yana jiranki."

A gaban yara ya kore ni. Na fita, na shiga ajina na tsaya a jikin bangon nan da bai kai rufi ba. Yaran ajina suka daina kwafa, ban hana su ba.

Na kasa kunne har na ce shi ke nan. Sai ga wata 'yar murya ta haura bango. Kalma ɗaya, ta tsaya, ta ja numfashi, wata kalmar. "Kunkuru. Ina. Kwana." Ta bi ta kan "juya", ta isa "hagu", ta tsaya. Na ji takun silifas ɗinta zuwa allo. Yara sun gaya min daga baya cewa juyawa ta yi ta jingina bayanta da taswirar, ta fuskanci aji kamar yadda kibiyar ta nuna, ta ɗaga hannun hagu, sannan ta waiwaya ta ga a kan me ya faɗa.

"Hagunsa ne," in ji ta. "Ni nawa na rubuta."

Sai ta fashe da kuka. Ya bar ta ta yi, bai lallashe ta ba, ni kuma ina wannan gefen ina danne nawa. Da ta lafa ya ce Kunkuru yana Rami amma yana ji, ga rahotonsa, ta karanta. Ta karanta, da shessheƙa da komai: "Na faɗi. Ƙafata ɗaya ta cire. Ina jiran saƙo." Daga nan sai ƙarar alli, ajin gaba ɗaya suna gardamar abin da za a rubuta masa, muryar Auta a sama da ta kowa.

Ranar hedimasta ban je kusa da ofishin ba. An ce ta yi tuntuɓe a wurare, ta bi layi da yatsa, ta koma baya ta gyara wata kalma da kanta ba tare da an ce mata ba, kuma ta kai ƙarshen shafin. Ta wuce tare da ƙawayenta. Maganar sito kuwa da ta zo a taro na ɗaga murya, aka bar masa abinsa. Ina zama na ce a raina, to, ga shi dai ya samu abin da na ce yana nema.

Domin kada a ɗauka na daina zarginsa. Shi yake tsara wanda zai zama direba kowace rana. Shi ya zana kibiyar nan tana kallon aji, kuma ya san Auta har takalmi takan sa a juye. Bayan haka yaran ajina suka gaya min cewa ai kowace shekara sai Kunkuru ya faɗa Rami sau ɗaya, amma bai taɓa karyewa ba, domin akwai tsohuwar katifar kujera da Malam yake ajiyewa a ƙasa, sun gan ta a hoton da Kunkuru ya ɗauko. Ranar nan babu katifa, da idona na ga siminti. Na tambaye shi inda ta shiga, ya ce maigadi ne ya ɗauka yana zama a kai. Na je na duba, lallai maigadi yana zaune a kan katifa, amma da na tambaye shi wa ya ba shi sai ya ce ya manta. Na koma na tambayi Malam Jira kai tsaye ko shi ya shirya abin tun daga farko. Ya zaro wayarsa ya nuna min tsagar ya ce, "Da wayata, Malama?" Wannan ba amsa ba ce, kuma ya san ba amsa ba ce.

Har yau da wannan tsagaggiyar wayar yake yawo. Kunkuru ya samu taya, an manne ta da gam, sai dai yanzu yana jan gefe ɗaya, kuma direbobin bana dole su sa wannan a lissafi in suna rubutu. Malam ya ce hakan ma ya fi.

Auta tana ajina yanzu, a benci na biyu kusa da taga. Tana karatu, amma na lura da abu ɗaya da ba wanda ya faɗa min. In na kira ta ina kallonta, muryar takan maƙale. Saboda haka in layi ya zo kanta, sai in ɗauki dasta in juya in hau goge allo, ko da babu komai a kansa. Ina gogewa tana karantawa a bayana, kuma ba na juyowa sai ta kai aya.